Shef Alkasum da Mota Mai Tari

A shekarar da Nasara suka fara ɗaure akwatunansu za su bar ƙasar Damagaram, an yi wani mutum a unguwar Zengo, cikin garin Zinder, sunansa Alkasum. Sana'arsa gyaran risho da fitilar ƙwai, in kasuwa ta yi kyau har da facin tayar keke. Amma in ka zauna a rumfarsa ka ba shi kunne, kafin shayinka ya huce za ka ji ya gyara tankar yaƙi a Far Lami, ya ɗaura wa jirgin ruwa farfela a Dakar, har wani janar ya sumbace shi a kumatu biyu. Gaskiyar magana kuwa, ya yi soja, amma sojan da bai taɓa wuce madafar barikin Zinder ba. Albasa ya yi ta yankawa har aka sallame shi. Daga can ya fito da tsohuwar hula, da Faransanci cikin cokali, da sunan da ya raɗa wa kansa, wato Shef, yadda Faransawa ke ce wa shugaba.

Maƙwabcin rumfarsa wani wanzami ne, Sha'ibu. Tare suka tashi tun suna yara, don haka shi bai taɓa kiransa Shef ba.

"Alkasum, rishon da ka gyara mana jiya ya ƙone wa matata gira."

"Ƙarfi na ƙara masa. Matarka ce ba ta saba da wutar Turai ba."

To, a cikin Birni akwai wani babban dillalin gyaɗa, Alhaji Mutari. Da Nasaran da ya daɗe yana sayen gyaɗa a hannunsa ya tashi komawa gida, sai ya sayar masa da motarsa. Ba a taɓa ganin irinta ba a garin. Doguwa ce, launin madara, kujerunta jar fata, fitilunta kamar idon saniya. Rufinta kuma na zane ne, ana naɗe shi baya, mutum ya zauna yana shan iska kowa na ganinsa. Nan da nan mutane suka sa mata suna Mai Cire Hula. Nasaran ya tuƙo ta da kansa har ƙofar gidan Alhaji, ya miƙa makulli, ya wuce Kano da direbansa.

Motar lafiyarta ƙalau, sai abu ɗaya. In an tashe ta da safe takan yi tari sau biyu ko uku kafin muryarta ta daidaita. Wannan tarin ya hana Alhaji sukuni, domin ranar mulkin kai ta matso, kuma ya riga ya yi rantsuwa. Mahaifiyarsa, Inno, da tallar ƙuli-ƙuli ta raine shi, kuma ya rantse mata a gaban mutane cewa ranar da za a ɗaga sabuwar tuta, a cikin wannan mota zai kai ta filin taro, duk Zinder ta gan ta. Ya aika wa Gana, makanikin garejin gwamnati, Gana ya ce motocin biki sun yi masa yawa, sai bayan an watse. Ga shi kuma babu direba.

Labari ya kai Zengo. Alkasum ya kifa hularsa, ya saɓa buhun kayan aikinsa, ya nufi Birni. Sha'ibu ya rataya zabirarsa ya bi shi, ya ce shi ba ya son a ba shi labari.

Suka tarar da Alhaji a ƙofar gida yana kallon motar kamar mai jinya. Alkasum ya yi sallama, ya kewaya ta, ya ƙwanƙwasa nan ya shinshina can, sannan ya kara kunnensa a murfin inji, alhali motar a kashe take. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya girgiza kai.

"Alhaji, Allah ya so ka da rahama da na zo yau."

"Me ka ji?"

"Abin da na ji ba na faɗi a gaban jama'a ba ne. Tana tari da safe, ko?"

Duk garin an san tana tari da safe, amma sai da gaban Alhaji ya faɗi. Ya ce, "Nasaran ya ce sanyin safiya ne kawai."

"Mai sayar da akuya ai ba ya cewa tana zawo. Irin wannan tarin ne ya kama motar janar a Far Lami. Likitocin mota na Faransa suka taru suka kasa, sai da aka aiko a tashe ni daga barci."

Sha'ibu ya ce, "Daga cikin buhun albasa."

Alkasum bai ko dube shi ba. Alhaji ya ce, "To, ka iya tuƙi?"

"Haba Alhaji. Ana tambayar ɗan Agadas ko ya san raƙumi?"

Nan take aka yi magana. In Alkasum ya raba motar da tari kafin ranar biki, shi ne direban Alhaji, da kakinsa da hularsa mai baki.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa Rakiya tana tankaɗe. Ya ce mata ta fara koyon tafiyar matan manya, don daga mako mai zuwa matar direba ce ita.

Ta ce, "Malam, ƙofar ɗakin nan tun bara ka cire ta za ka gyara. Har yau tabarma muke ratayawa."

"Ƙofa aikin kafinta ce. Ni injiniya ne."

"Allah ya sa motar tana da dangi masu haƙuri."

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar ƙofar gidan Alhaji. Alkasum ya naɗe hannun riga, ya buɗe murfin inji, ya tsaya. A ransa ya zaci zai ga wani abu mai kama da cikin risho, sai dai ya fi girma. Abin da ya gani ya fi kama da kayan cikin sa. Amma mutane sun riga sun taru, har Sha'ibu ya kafa kujerar askinsa a gefe don ya ga nan kasuwa ta koma. Saboda haka Alkasum ya yi bisimilla, ya kama kwance duk abin da ya yarda ya kwantu. Wanda ya ƙi kuma ya sa masa guduma.

Duk abin da ya ciro sai ya ɗaga wa jama'a ya faɗi sunansa.

"Wannan shi ne karbirato. Wannan ƙanensa ne. Wannan kuma buji."

Sha'ibu ya ce, "Ɗazu ka ce wancan ne buji."

"Buji iri biyu ne, akwai namiji akwai tamata. Kai dai ka ji da ƙeyar da ke gabanka."

Da ya gama da inji ya leƙa ciki, sai ya ga sandar da direba ke turawa don canja gudu a ɗan karkace take. Ya ce wannan ma sakacin Nasara ne. Ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance ƙarafan da ke riƙe da ita, ya miƙar da ita tsaye kamar sandar liman, ya ɗaure yadda ya ga dama.

Aka kira azahar, kowa ya tafi masallaci. Da suka dawo sai ga wata jar akuya tsaye a kan tabarma tana tauna. Akwai wani abu mai faɗi kamar kwali da ke shimfiɗe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ta samu. Saura ɗan gefe kawai ke leƙowa daga bakinta. Alkasum ya yi tsalle ya kama, akuya ta ja, ya ja, ta haɗiye ta bar shi da yawu a hannu.

Alhaji ya ce, "Shef, abin da ta ci, mai muhimmanci ne?"

"Da ma zan jefar da shi. Takarda a cikin inji, Alhaji? Ai rowa ce irin ta Nasara."

Ya tafi wurin dukawa, ya sa aka yanko masa jar fatar akuya mai kyau, irin wadda ake yin jakar alfarma da ita, ya huda ta da basilla ya shimfiɗa a gurbin. Ya ce wa jama'a, "Akuya ta ci, akuya ta biya."

Kwana na biyu ya kwance wata ƙusa a ƙarƙashi, sai baƙin mai ya tsiyayo masa a fuska. Ya fito yana tofarwa, ya nuna wa Alhaji tafin hannunsa.

"Dubi abin da ake ba ta ta sha. Kai in aka ba ka wannan, ba za ka yi tari ba?"

Ya bar man ya malale a lungu. Wani mai ga-ruwa ya zo wucewa da garwa biyu, ya taka, ƙafafunsa suka yi sama, ya yi wa masu kallo wanka kyauta. Alkasum bai tsaya ba shi haƙuri ba, ya yi sallama cikin gida ya ce a gaya wa Inno yana son man gyaɗa, tulu guda.

Inno ta fito da kanta, tsohuwa 'yar ƙarama, goro a kumatu. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai maganin tarin?"

"Ni ne, Inno."

"Man suyata za ka ɗura wa ƙarfe?"

"Inno, gyaɗar nan da ɗanki ke aikawa Faransa, me kike tsammani suke yi da ita? Su matse, su zuba a gwangwani, su rina shi baƙi, su dawo mana da shi wai man inji. Ni na gani da idona."

"A ina?"

"A can."

Ta tauna goronta ta ce, "A ba shi. In bai warkar da ita ba, ma soya ƙosai a kanta."

Garin ɗura mai hannunsa ya goce, tsinin ƙarfen da ke hannunsa ya huda tankin ruwan da ke gaban inji. Ruwa ya fara tsartuwa. Ya sa yatsa ya toshe, ya tsaya a haka yana murmushi kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Sha'ibu ya ce, "Haka za ka riƙe har filin taro?"

"Gwada ƙarfin ruwan nake yi. Kai, a samo mini garin kuka."

Aka kawo kuka cikin ƙwarya. Ya ce duk wanda ya taɓa wanke tukunyar miyar kuka ya san babu abin da ya fi ta liƙewa. Ya zuba rabi, ya duba, ya ga kamar bai isa ba, ya juye sauran. Ruwan kuwa ya daina zuba. Jama'a suka yi ta mamaki, har wani dattijo ya ce lallai ilimi a Turai yake. Alkasum ya ƙara tura hularsa gaba.

Ana jibi biki ya fara mayar da kaya. Nan ne ya gane cirewa ta fi mayarwa sauƙi. Wayoyin buji ya liƙa su yadda launinsu ya yi masa kyau. Wata igiyar ƙarfe da ya ga ta yi sako-sako a jikin karbirato ya ja ta ya ɗaure tamau. Da ya rufe murfi, sai ga ƙusoshi da ƙananan ƙarafa cike da ƙwarya a kan tabarma, ba su sami gurbi ba. Ya yi ƙoƙarin tura ƙwaryar bayan tsamiya da ƙafa, amma Alhaji ya gani.

"Shef, waɗannan fa?"

"Su ne tarin, Alhaji."

"Su ne tarin?"

"Su ne ciwon gaba ɗaya. Tambayi wanzami, in ya yi wa mutum ƙaho, yana mayar masa da jinin?"

Sha'ibu ya ce, "Ni jini nake cirewa. Ban taɓa cire wa mutum haƙarƙari na ce ya tashi ya tafi ba."

Alkasum ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli. Motar ta yi wani ɗan nishi ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ko nishin ba ta yi ba. 

Ya leƙo ya ce, "Kun ji tari?"

Aka ce, "Ba mu ji ba."

"To, wala, in ji Faransawa. Shi ke nan."

Alhaji ya ce, "Tarin ya tafi, amma kamar ya tafi da numfashin."

"Barci take yi. Mai jinya in ya sami sauƙi ai barci yake yi. Bari in tashe ta."

Ya ɗauko ƙarfen da ake zurawa a hancin mota a juya da hannu. Ya juya har jijiyar wuyansa ta tashi. Can sai motar ta saki wata ƙara ta baya kamar an harba bindiga. Kaji suka watse, jakai suka ɗauki kuka. Mutumin da Sha'ibu ke yi wa aski ya zabura da gudu, rabin kai fari rabi baƙi, da tsumma a wuya, bai tsaya ba sai ƙofar Birni. Inji kuwa ya kama, da wani irin ruri kamar zaki ya taka ƙaya, motar duk tana karkarwa. Ba a jima ba ƙanshin suya ya cika unguwa, har wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko suna ake yi ba a gaya mata ba.

Alhaji ya kai bakinsa kunnen Alkasum ya ce, "Da ba haka take ƙara ba."

"Da ba ta da lafiya. Wannan ita ce muryarta ta gaskiya."

"To, kashe ta."

Ya murɗa makulli baya, ta ƙi mutuwa. Ya zare makullin gaba ɗaya ya sa a aljihu, tana nan tana ruri. Ya buɗe murfi ya cafki wata waya zai fizge, sai wuta ta kama shi. Ya yi wata irin rawa a tsaye, ƙafa na dukan ƙasa, haƙora na kaɗawa, hula ta yi nata wuri, kafin wayar ta fita inji ya mutu. Ya zauna daɓas a tabarma, gashin hannunsa a tsaye.

Sha'ibu ya ce, "Wannan rawar a Dakar ka koyo ta?"

Da ƙyar ya ce, "Gaisuwa ce. Inji ya san ubangidansa."

Ranar biki gari ya waye da gajimare, don tsakiyar damina ce, kududdufai duk sun cika. Tun da safe ake jin ganguna daga wajen filin taro. Alkasum ya iso cikin kaki mai sitati da hula mai baki, yana tafiya kamar ƙasa ba ta isa ya taka ta ba. Rakiya ta biyo shi daga nesa, ta sami dutse mai tsawo ta hau, ta ce daga nan za ta yi kallo, don ba ta ga motar da ke hawa dutse ba.

An naɗe rufin mota baya. Alhaji ya fito cikin babbar riga da rawani kamar kwando, yana riƙe da hannun Inno, ita kuma ta sha zanenta na saƙi da ta daɗe tana ajiya. Suka zauna a baya. Aka juya ƙarfen hanci, bindiga ta tashi, inji ya kama ruri. Alkasum ya zauna ya kama sitiyari da hannu biyu, ya duba ƙasa, sai ya ga abin takawa har uku. Sau ɗaya ya taɓa shiga mota mai tafiya a rayuwarsa, shi ma a kan buhunan gyaɗa, don haka bai taɓa ganin abin da ƙafar direba ke yi ba.

Alhaji ya ce, "Me muke jira?"

"Bari in sa giya."

Inno ta daina tauna. "Giya? Mutari, mashayi ka ɗauko mini?"

Alhaji ya ce, "A'a Inno, sunan sandar nan ne, haka direbobin Kano ke ce mata."

"Allah ya shirye su."

Alkasum ya taka na hagu, ya tura sanda gaba da ƙarfi, wani abu ya yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya ɗaga ƙafa. Motar ta zabura, ta yi baya.

Mutanen da suka taru a bayanta don su raka ta suka tarwatse. Ta bi lungu da baya tana gudu, Alhaji na kallon ƙofar gidansa tana ƙanƙancewa.

"Shef, filin taro gaba yake."

"Na sani, Alhaji. Babbar mota kamar rago take, sai ta ja da baya kafin ta yi karo."

Ya ja sanda baya, ta ƙara gudu. Ya tura ta dama, baya. Ya tura ta hagu, sandar ta fito a hannunsa gaba ɗaya. Ya dube ta, ya miƙa wa Alhaji ya ce ya riƙe masa. Ya sa ƙafa zai nemi birki, ya taka na dama, ruri ya ninka, kuma abin takawar ya shige bai dawo ba.

Lungun ya gangara ya faɗa babbar hanya, daidai lokacin da jerin masu zuwa biki ke wucewa. 'Yan lakwal, wato 'yan makaranta, su ne a gaba da ƙananan tutoci suna waƙa, sai makaɗa, sai tsofaffin soja da lambobinsu a ƙirji. Da tsofaffin sojan suka hango doguwar farar mota da mai rawani a ciki, suka ɗauka wani babba ne, suka ƙame suka sara. Sai da ta matso suka lura ƙeyar babban ce ke zuwa. Motar ta saki bindiga biyu a jere. Tsofaffin da suka ga yaƙi na gaske suka zube a ƙasa rub da ciki. Malamin lakwal ya haye katanga ya bar waƙa a tsakiya. Wani makaɗi ya jefar da gangarsa, motar ta bi ta kai, ganga ta yi kukanta na ƙarshe.

Alkasum ya juya wuya yana kallon baya, yana murɗa sitiyari, in ya nufi dama ta yi hagu. Yana ta faɗin, "Atansiyo, atansiyo," wato a yi hattara, ba mai jin sa. Fatar dukawa ta fara gasuwa a cikin inji, ƙaurinta ya haɗu da ƙanshin man gyaɗa, karnukan unguwa suka biyo su a guje. Can sai murfin tankin ruwa ya yi sama, koren ruwa mai yauƙi ya yi tsiri, iska ta kwaso shi ta watsa wa na cikin mota. Ya sauka a rawanin Alhaji yana ɗiga.

Inno ta lakata da yatsa ta ɗanɗana. Ta ce, "Ba gishiri. Mutari, ka ce mota za ka sa ni, ashe tukunyar miya ce."

"Inno, ki riƙe da kyau. Alkasum, tsayar da ita."

Alkasum ya lura sunan Shef ya faɗi a hanya, Alhaji ya daina kiransa da shi, amma ba lokacin gyara ba ne. Ya lalubi wani mariƙi ta bayan kujera ya ja da iya ƙarfinsa, yana zaton birkin hannu ne. Ashe abin sakin rufi ne. Rufin zane ya taso daga baya, iska ta cika shi, ya kifo ya rufe Alhaji da Inno kamar an kifa wa kaji akurki. Ya kuma tare wa Alkasum ganin baya gaba ɗaya. Daga nan sai ya daina wahalar da wuyansa, ya juyo ya fuskanci gaba, yana kallon ɗaruruwan mutane da karnuka suna binsu da gudu. Da ya ga haka sai ya ɗaga musu hannu, yadda ya ga manya na yi.

A ƙarshen gangaren akwai wani kududdufi inda magina ke haƙar ƙasa, ruwan sama ya cika shi har baki. Motar ta faɗa ciki da baya, ruwa ya yi sama, kwaɗi suka yi tsalle ko'ina. Ta ɗan yi iyo, ta zauna a laka, ruwa ya kawo har ƙofa. Inji ya yi wani dogon tsaki, ya saki kumfa kore, ya yi shiru. A cikin wannan shirun aka jiyo busar ƙaho daga filin taro da sowar jama'a. An ɗaga tuta.

Mutane suka cika bakin kududdufi. Wasu suka ce waɗanda suka zo nan sun fi na filin taro yawa. Rufi ya motsa, Alhaji ya fito da kai, ba rawani, kuka har gemu, sandar giya a hannunsa.

Alkasum ya gyara hula ya ce, "Alhaji, ka dai ga gudu. Kuma tun daga gida har nan, ko sau ɗaya ba ta yi tari ba."

Ba don ruwa ya riƙe wa Alhaji riga ba, da sandar nan ta sauka a kansa.

Sha'ibu ya iso yana haki, ya tsaya a bakin ruwa ya ce, "Ƙasa ta yi gaba yau, Alkasum, kai kaɗai ka yi baya."

Samari suka tuɓe za su shiga su ɗauko Inno, ta ɗaga hannu ta hana. Ta ce wanda ya kawo ta shi zai fitar da ita. Dole Alkasum ya sauka cikin laka har ƙugu, ya duƙa, ta hau bayansa, ya taka da ita a hankali ana ta dariya. Da ya dire ta a tudu, ta gyara ɗaurin zanenta ta dube shi.

Ta ce, "Kai ka fi motar. Kai gaba kake tafiya."

Sai da aka ɗauro raƙuma biyu kafin Mai Cire Hula ta fito. Bayan biki Gana ya zo, ya buɗe murfin inji, ya shinshina, ya tambaya ko akwai tuwon da za a ci da ita. Ya ce kayan da za su tashe ta sai an aiko daga Faransa, kuma Nasaran da ke sa a aiko da su sun tafi.

Alhaji ya so ya kai ƙara wurin alƙali. Inno ta ce alƙali ba zai sauke masa rantsuwa ba. Ya rantse zai fita da ita a mota duk gari ya gan ta, ita kuwa abin da ta gani cikin rufi ne da kwaɗi. Ta ce tayoyin motar lafiyarsu ƙalau, abin da ya mutu inji ne, kuma ta san inda za a sami wani.

Ranar Juma'a aka wanke mota tas, aka naɗe rufi. Inno da Alhaji suka zauna a baya. Sha'ibu ya zauna a gaba riƙe da sitiyari, da hula mai baki a kansa, don Inno ta ce mai riƙe aska a wuyan mutane hannunsa ba ya rawa. Alkasum kuwa yana baya, kafaɗa a jikin ƙarfe, yana turawa. Haka suka ratsa Birni, suka bi ta kasuwa, Inno na amsa gaisuwa dama da hagu, ba ƙara ba hayaƙi. Abin ya yi mata daɗi har ta ce a mayar da shi kowace Juma'a.

A kan hanyar komawa akwai ɗan tudu. Motar ta rage gudu, ta kusa tsayawa. Sha'ibu ya waiwayo ya ce, "Inji, a ƙara wuta."

Alkasum ya ɗago, gumi na zuba daga haɓarsa, ya dubi mutanen da ke bakin hanya suna kallo, cikinsu har da Rakiya da 'yan Zengo.

Ya ce, "Ku ji shi, direban jiya. Ku shaida, in ba don ni ba, motar nan ko taku ɗaya ba za ta yi ba."

'Yan Zengo suka dubi juna. Tun da suke da Alkasum, ranar ce kaɗai ya faɗi magana suka rasa ta inda za su ƙaryata shi.